Ɗanwaken Dankali

Ruwan Agusta ya kwana yana dukan kwanon ɗaki,
gari ya waye bai gaji ba.
Na zura takalmin roba na nufi Farin Gada,
inda Sallau mai awo ke tsaye, taɓo har idon sawu,
yana rantsuwa dankalinsa na Bokkos ne, jiya aka haƙo.
Ban bi ta rantsuwarsa ba, na kankari ɗaya da farce:
jar ƙasa a waje, ciki kamar gwaiduwa.
Na ce ya cika ƙaramin kwando, kuma ya yi gyara.

"Kada ki fere shi ɗanye," in ji Kangyang,
a shekarun da igiyar shanyarmu ɗaya,
famfonmu ɗaya, mai zuwa ran Talata in ya ga dama.
"Dafa shi da rigarsa.
Wanda aka tuɓe wa riga kafin wuta
ruwa yake sha har ya manta kansa."

Da zafinsa nake ɓarewa,
ina hura yatsu, ina tsaki.
Ƙaramin turmin nan mai tsaga a baki nata ne,
ta ce in riƙe kafin ta dawo ta ɗauka.
Damina goma sha ɗaya ke nan ina riƙe.

Kirɓa kaɗan, ba irin ta sakwara ba,
in kin matsa masa sai ya yi danƙo ya ƙi ki.
A baza a tire, tururi ya fice.
Garin rogo tafi biyu, fulawa tafi ɗaya,
gishiri abin da yatsu uku suka iya ɗauka.
Na taɓa tambayar ta gwangwani nawa,
ta kalle ni kamar na tambaye ta nauyin hazo.

Ranar da na fara gwadawa ni kaɗai
duk suka narke a tukunya.
Malam Ilu ya sha da cokali, ya side kwano,
ya ce, "Kai, gwaten yau ya yi daɗi."
Ta katanga na jiyo dariyarta har da tari.

Yanzu hannu ya sani.
In mulmula kamar goro, in dangwala babban yatsa a tsakiya
don mai ya sami wurin zama,
in jefa cikin ruwan da ke tafarfasa.
Sai su nutse, ɗaya bayan ɗaya, shiru.
Nan ne zuciya ke cewa a sa ludayi a juya.
"Bar su," in ji ta. "Wanda ya nuna
da kansa zai taso."

Ba mu yi faɗa ba, ni da ita.
Gari ne ya rikice kwana uku,
da hayaƙi ya kwanta sai ga layi an ja
wanda ba a gani, amma kowa ya san inda yake.
Akori-kura ta zo da asuba.
Katifa, keken ɗinki, kaji biyu a kwando.
Turmi bai sami wuri ba.

Ga su nan suna tasowa.
Ɗaya. Uku. Sauran gaba ɗaya, suna turereniya.
In tsame da matsami, in watsa a ruwan sanyi,
man gyaɗa da albasa na ƙauri a kasko,
yaji, kabeji yankan siriri, tumatir ɗaya.

Na cika kula na ba Hurera,
ta biya da ita shagon ɗinki a Tudun Wada
kafin ta wuce makaranta.
Da magariba kula ta dawo da nauyinta,
acca a ciki, wankakkiya, babu tsakuwa ko ɗaya,
da saƙon baka:
wai gishiri ya yi kaɗan,
wai kuma ina turminta?

Na ce, gobe ki gaya mata yana nan,
na shafe tsagar da mai kada ta ƙaru,
amma ba a aika turmi.
Mai shi ke zuwa ta ɗauka.